Shirin ɗaukar ciki a Jihar Zamfara

Shirin ɗaukar ciki shi ne jerin matakan da miji da mata suke ɗauka kafin ciki ya shiga, domin ƙara yiwuwar samun haihuwa da kuma kare lafiyar uwa da ta abin da za ta haifa. Yawancin waɗannan matakai ba sa buƙatar tiyata ko magani mai tsada. Sun ƙunshi sanin kwanakin da ciki ya fi shiga, gyara cimaka, guje wa abubuwan da ke raunana ƙwan mace da maniyyin namiji, gwajin jini, neman maganin cututtuka da wuri, da ba da tazara tsakanin haihuwa da haihuwa.

A Jihar Zamfara, musamman a Gusau, Tsafe da Bungudu, batun yana da alaƙa da yanayin rayuwar wurin: noma da feshin gona, zazzaɓin cizon sauro na damina, ƙarancin jini ga mata, haƙar zinariya da ta jawo gubar dalma a shekarar 2010, rabon kwana a gidajen da ke da mata fiye da ɗaya, da matsalar tsaro da ke hana mutanen ƙauye isa asibiti a kan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na baligai a duniya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa.

## Kalmomi da ma'anoninsu

Saboda kunya, Hausawa sukan sakaya maganar ciki da haihuwa. Ana cewa mace tana da *juna biyu*, ko ta yi *ɓatan wata*, ko an samu *rabo*, ko an samu *ƙaruwa*. Ana kiran haila da *jinin al'ada* ko *fashin salla*. Kalmomin *haila* da *maniyyi* aro ne daga Larabci. Ita kuwa *mahaifa* an gina ta ne daga aikatau *haifa*, a tsarin sunayen wuri irin su *makaranta* da *ma'aikata*. Ana amfani da ita ga gaɓar da ɗa ke kwanciya a ciki, wani lokaci kuma ga abin da ke biyo bayan jariri, wanda ake kira *mabiyiya* ko *uwa*.

Wasu kalmomin da suka shafi batun su ne:

* Juya ko bakarariya: macen da ba ta haihuwa. Akwai siffar namiji, *bakarare*, amma ba a cika jin ta a bakin mutane ba, abin da ke nuna ɓangaren da aka saba ɗora wa laifi.
* Wabi: haihuwar 'ya'ya suna mutuwa tun suna ƙanana. Ana laƙaba wa yaron da aka haifa bayan haka sunaye irin su Ajuji ko Ayashe.
* Ɓari: zubewar ciki kafin ya isa haihuwa.
* Kwanika ko rurrutsa: samun ciki alhali ba a yaye na goye ba.
* Kwantacce: cikin da ake ganin ya kwanta ya daina girma na tsawon lokaci.
* Sanyi: kalma mai faɗi da ake sa wa kusan duk wani ƙaiƙayi, ciwon mara ko fitar ruwa daga gaba.

A fannin likitanci, *rashin haihuwa* yana nufin ma'aurata su shafe wata 12 ko fiye suna saduwa a kai a kai, ba tare da amfani da wata hanyar hana ɗaukar ciki ba, amma ciki bai shiga ba. Iri biyu ne: na wadda ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, da na wadda ta taɓa ɗauka sannan ya tsaya. Na biyun ya yawaita a Afirka kudu da Sahara, kuma sau da yawa cutar da ta toshe bututun ƙwai ce sanadinsa.

## Yanayin wurin

An ƙirƙiri Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Tana da ƙananan hukumomi 14, kuma Gusau ce babban birninta. Tsafe tana kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, Bungudu kuma tana kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Yawancin jama'a manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa.

Binciken yawan jama'a da lafiya na Najeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa matsakaicin adadin 'ya'yan da mace ke haifa a ƙasar 5.3 ne, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa 6.6. Binciken ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma mata 512 ne ke rasuwa sanadin ciki da haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. A wurin da haihuwa ta yawaita haka, wadda ba ta samu ba takan fi jin nauyin abin, ita kuma mai samu takan shiga sabon ciki jikinta bai gama murmurewa daga na baya ba. Shirin ɗaukar ciki ya shafi su biyun.

Manyan asibitocin da ke duba mata a Gusau sun haɗa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da Asibitin Mata da Yara na Sarki Fahad. Tsafe da Bungudu kowace tana da babban asibiti da ƙananan cibiyoyin lafiya a matakin farko, kuma a Tsafe kwalejin koyar da kimiyya da fasahar lafiya ta jihar take. Hare-haren 'yan bindiga sun raba ƙauyuka da yawa da mazaunansu, sun kuma sa tafiya asibiti ta zama mai haɗari, musamman da dare.

## Kwanakin da ciki ya fi shiga

Ana ƙirga zagayen al'ada daga ranar farko ta ganin jini zuwa ranar da ke gabanin jini na gaba. Ga yawancin mata yana ɗaukar kwana 21 zuwa 35. A kowane zagaye ƙwai ɗaya yakan nuna ya fito, kimanin kwana 14 kafin zuwan jini na gaba. Ƙwan yana rayuwa ne awa 12 zuwa 24 kacal, amma ƙwayoyin maniyyi suna iya kaiwa kwana 5 a jikin mace. Saboda haka kwanakin da ciki ke iya shiga kusan 6 ne a wata: kwana 5 kafin fitar ƙwai da ranar fitarsa. Mafi ƙarfinsu su ne kwana 2 zuwa 3 na ƙarshe.

Misali, macen da zagayenta kwana 28 ne, ƙwanta yakan fito wajen rana ta 14, kwanakin nata kuma su ne ta 9 zuwa ta 14. Mai kwana 32, wajen rana ta 18 ne, wato daga ta 13 zuwa ta 18. Mai kwana 24 kuwa wajen rana ta 10 ne. Idan irin wannan tana yin kwana 7 tana jini, to kwanakin da suka rage mata bayan wankan tsarki ba su wuce 3 ba, kuma jinkirin saduwa bayan tsarki na iya sa watan ya wuce.

Lissafi kaɗai ba ya wadatarwa, domin zagaye yakan canza. Jiki yana ba da alamu:

* Fitar farin ruwa mai yauƙi da santsi kamar ɗanyen farin ƙwai, marar wari da ƙaiƙayi. Wannan alamar lafiya ce, amma mata da yawa suna ɗaukar sa a matsayin sanyi, har su sha magani a kansa.
* Ɗan ciwo a gefe ɗaya na mara, ga wasu matan.
* Ɗan ƙaruwar ɗumin jiki da bai kai rabin digiri ba bayan ƙwai ya fito, wanda ake ganewa da ma'aunin zafi da sassafe kafin a tashi daga shimfiɗa.

Likitoci sukan ba da shawarar saduwa duk bayan kwana 2 ko 3 a tsawon kwanakin tsarki, domin hakan yana riskar kwanakin ko da ba a yi lissafi ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ma'auratan da matar ba ta kai shekara 40 ba suna samun ciki cikin shekara guda ta wannan hanya, kuma kusan rabin sauran suna samu a shekara ta biyu.

### Rabon kwana da cin rani

A gidajen da ake kwana bibbiyu, mace mai kishiya ɗaya tana jiran kwana 2 kafin girki ya dawo mata, mai kishiyoyi biyu kwana 4, mai uku kwana 6. A gidan mata huɗu, kwanakin da suka fi ƙarfi suna iya faɗawa cikin kwanakin jira wata bayan wata, alhali babu mai wata cuta tsakanin miji da matar. Fiƙihu ya yarda mace ta bar wa abokiyar zamanta kwananta da yardarta, don haka wasu gidaje sukan yi musayar kwana bisa fahimtar juna. Haka abin yake ga magidantan da ke tafiya cin rani Kano, Abuja, Legas ko wuraren haƙar ma'adinai, su dawo gida na 'yan kwanaki. Watannin da miji ba ya nan ba sa shiga lissafin wata 12 da ake yi kafin a ce akwai matsala.

## Abinci

Babu wani abinci guda da aka tabbatar yana sa haihuwa. Abin da aka tabbatar shi ne rama mai tsanani da ƙiba mai yawa duk suna iya rikita al'ada su hana ƙwai fitowa, kuma uwar da ta shiga ciki da ƙarancin jini ta fi fuskantar haɗari idan ta zubar da jini wajen haihuwa. Abincin yau da kullum na yankin, tuwon dawa ko masara, fura da kunun gero, yana ba da ƙarfi, amma yana buƙatar haɗi da wasu abubuwa:

* Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini: nama, hanta, kifi, wake, waken suya, daddawa da ganyaye irin su zogale, alayyafo, rama da kuka. Haɗa su da lemo, gwaiba, tumatir ko garin 'ya'yan kuka yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin. Shan shayi tare da abinci yana rage tsotsarsa, don haka ya fi kyau a raba lokacinsu. Hanta tana da bitamin A mai yawan gaske, saboda haka ana son mai ciki ta taƙaita cin ta.
* Folik asid: yana cikin ganyaye, wake da gyaɗa, amma abin da ake samu daga abinci bai cika isa ba. Ana shawartar mai neman ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum tun kafin ya shiga har zuwa ƙarshen wata 3 na farko. Dalili shi ne bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar bayan jariri yana rufewa cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba. Ƙarancinsa yana jawo haihuwar jariri da buɗaɗɗen gadon baya.
* Ayodin: rashinsa yana kawo maƙoƙo, ɓari da tauyewar ƙwaƙwalwar jariri. Najeriya ta wajabta sa shi a gishirin ci tun farkon shekarun 1990. Gishirin da aka bari a buɗe cikin rana ko danshi yana rasa shi.
* Abinci mai gina jiki: ƙwai, nono, kindirmo, awara, riɗi da ƙuli-ƙuli. Ana son a tafasa madarar shanu kafin a sha.

Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu suna ɗauke da guba mai cutar da hanta, don haka ana tsince su a zubar. Goro, shayi da kofi suna da sinadarin da ke hana barci, wanda yawansa ke da alaƙa da ɓari, shi ya sa ake son a rage su.

## Lafiyar namiji

A kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, akwai matsala daga ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ƙarfin saduwa da yawan ruwan maniyyi ba sa nuna adadin ƙwayoyin da ke ciki ko lafiyarsu. Haka kuma haihuwar da mutum ya yi a baya ba ta tabbatar da halin da yake ciki a yanzu. Jiki yana ɗaukar kimanin kwana 70 kafin ya kammala ƙera ƙwayar maniyyi, don haka duk gyaran da namiji ya yi sai bayan kusan wata 3 ake ganin tasirinsa.

Abubuwan da ke rage ƙwayoyin maniyyi sun haɗa da:

* Zafi: maraina suna buƙatar yanayin da ya ɗan fi na sauran jiki sanyi. Maƙera, masu gasa burodi da direbobin doguwar tafiya sun fi fuskantar wannan. Zazzaɓi mai zafi ma yana rage ƙwayoyin na ɗan lokaci.
* Shaye-shaye: taba sigari, shisha, wiwi, giya, tiramadol da kodin. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a shekarar 2018.
* Maganin feshi: yin feshin ƙwari ko ciyawa ba tare da rufe hanci, hannu da jiki ba, da ajiye gwangwanin a ɗakin kwana.
* Allurar sinadarin mazakuta da ake yi don ƙarin ƙarfi ko gina jiki, wadda ke dakatar da ƙera maniyyi.
* Cututtuka: ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, hangum da ya sauka a maraina bayan balaga, kumburin jijiyoyin maraina, da ciwon suga.

Gwajin maniyyi yana da sauƙi da araha idan aka kwatanta da gwaje-gwajen mata. Ana yin sa bayan an ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7. A ma'aunin WHO na shekarar 2021, ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita shi ne mafi ƙarancin adadin da ake ɗauka daidai.

## Gwaje-gwaje kafin ciki

* Jinotayif: Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar amosanin jini, wato sikila. Ana ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita a shekara. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zama SS. Lissafin yana sabuntuwa ne a kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ne kawai zai kamu ba. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaura aure.
* Rukunin jini: macen da jininta ba shi da alamar Rh, mijinta kuma yana da ita, tana buƙatar allura cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, domin kare cikin da zai biyo baya.
* Ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da tunjere: duka ukun suna iya wucewa daga uwa zuwa jariri, kuma akwai hanyoyin kariya idan an gano su da wuri.
* Hawan jini da ciwon suga: ana son a daidaita su kafin ciki. Wasu magungunan hawan jini da na farfaɗiya suna cutar da ɗan tayi, don haka likita ne ke sauya su. Mai shan su ba ta dainawa da kanta.
* Rigakafin sarƙe-haƙora: allurai 5 da ake yi a tsawon shekaru suna kare mace da jariranta.

## Cututtukan da suka shafi yankin

Ciwon sanyi na saduwa da dangoginsa suna hawa daga bakin mahaifa zuwa bututun ƙwai su bar tabo, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Haihuwa ko ɓarin da aka yi a wuri marar tsabta ma suna jawo haka. Idan aka gano cutar, dole a yi wa miji da dukkan matansa magani a lokaci guda, in ba haka ba za ta riƙa zagayawa tsakaninsu. Sayen ƙwayoyi a kemis a sha na kwana biyu a daina yana kwantar da alamun ne, cutar tana nan.

Zazzaɓin cizon sauro, wanda ke tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka, yana jawo ƙarancin jini, ɓari da haihuwar jariri marar nauyi, musamman a cikin fari. Kwana cikin gidan sauro mai magani shi ne matakin farko. Bayan wata 3 na farko, ana ba mai ciki maganin kariya a wurin awo, aƙalla sau 3, da tazarar wata guda.

Tsargiya, wadda ake kamuwa da ita wajen wanka, wanki ko noman rani a tafki, gulbi da madatsun ruwa, tana iya taɓa mahaifa da bututun ƙwai, ba mafitsara kaɗai ba. Tana da magani mai araha.

## Gubar dalma

A watan Maris na 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Bincike ya nuna dutsen zinariyar da ake daka wa da niƙa wa a cikin gidaje yana ɗauke da dalma mai yawa. Yara kusan 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyukan, aikin da ya kai ga Bagega a shekarar 2013.

Dalma tana rage ƙwayoyin maniyyi, tana jawo ɓari da haihuwa kafin lokaci. Tana taruwa a ƙashi na shekaru, ta koma cikin jini lokacin da mace ke da ciki, ta wuce zuwa ga ɗan tayi. Haɗarin bai tsaya ga ƙauyukan da ake haƙa ba, domin ma'aikaci yana iya kawo ƙurar gida a tufafinsa da takalmansa. Matakan kariya su ne: kada a daka ko a ajiye dutsen a gida, a yi wanka a canza kaya kafin shiga cikin iyali, kuma kada a daka hatsi a turmin da aka daka dutse. An kuma samu dalma a wasu nau'o'in kwalli, an samu sinadarin makuri a wasu mayukan bilicin, kuma duka biyun suna cutar da ɗan tayi.

## Shekaru da tazarar haihuwa

Cikin da yarinya ta ɗauka kafin jikinta ya gama girma ya fi zuwa da jijjiga, doguwar naƙuda da yoyon fitsari. A ɗaya ɓangaren, yawan ƙwan mace da ingancinsa suna raguwa a hankali bayan shekara 30, su ƙara sauri bayan 35.

WHO ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, da wata 6 bayan ɓari. Wannan ya yi kusa da tsohuwar al'adar Hausawa ta shayarwa har kusan shekara biyu da ƙyamar kwanika, da kuma shekara biyun shayarwa da aka ambata a Suratul Baƙara, aya ta 233. Shayarwa tana hana ciki ne idan sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Hanyoyin tazara na asibiti ba sa kashe mahaifa, sai dai allurar wata uku takan jinkirta dawowar haihuwa na wasu watanni bayan an daina.

## Al'adun gargajiya

Masu neman haihuwa sukan haɗa addu'a, sadaka, rubutun sha da saiwoyi, kuma malamai sukan ƙarfafa musu gwiwa da ƙissar Annabi Zakariyya da ta Annabi Ibrahim, waɗanda suka samu 'ya'ya da tsufa. Addu'a ba ta hana neman magani. Amma wasu al'adun suna da illa da aka tabbatar:

* Yankan gishiri: tsaga gaban mace da aska, wanda ungozoma ko wanzami ke yi saboda doguwar naƙuda, ɗaukewar al'ada ko rashin haihuwa. Ba ya maganin ko ɗaya, kuma likitoci a Zariya sun daɗe da nuna yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari.
* Matsi: cusa garin magani, kanwa ko alif a gaba. Yana ƙona fata, yana kashe ƙwayoyin da ke kare wurin, wani lokaci ya bar tabon da ke toshe hanya.
* Kayan mata da maganin ƙarfin maza: waɗanda aka haɗa da dabino, aya, kwakwa da zuma abinci ne kawai. Waɗanda ba a san haɗinsu ba kuwa, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu.
* Jiran kwantacce: a likitance ciki ba ya kwanciya ya tashi. Abin da ake kira kwantacce yakan zama ƙarin mahaifa, cikin da ya mutu bai fita ba, ko ɗaukewar al'ada saboda rikicewar sinadaran jiki. Hoton ciki yana bambance su.
* Shan ƙwayoyin fitar da ƙwai ba tare da likita ba, wanda ke iya kumbura ma'ajiyar ƙwai.

## Lokacin zuwa asibiti

Ana son miji da mata su je tare bayan wata 12 ba a samu ciki ba, ko bayan wata 6 idan matar ta kai shekara 35. Ba a jira wannan wa'adi idan al'ada tana tsallake watanni, ko tana zuwa da ciwo mai tsanani ko jini mai yawa, ko nono yana fitar da ruwa ba tare da goyo ba, ko an yi ɓari sau biyu ko fiye a jere, ko namiji ya taɓa samun rauni, kumburi ko tiyata a maraina. Hanyoyin da aka bayyana a sama suna ƙara dama, amma ba sa buɗe bututun da ya toshe, ba sa kuma samar da ƙwayoyin maniyyi inda babu su. Waɗannan sai magani, tiyata ko dashen ƙwai, wanda hukumar fatawa ta Masar ta halatta a shekarar 1980 da sharaɗin ƙwai da maniyyin na ma'auratan ne kuma auren yana nan.

Da zarar ciki ya shiga, WHO ta ba da shawarar fara awo cikin mako 12 na farko, da ganin ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. A wuraren da hanya ba ta da tsaro, shirin ya haɗa da tanadin kuɗin mota, sanin wanda zai ba da jini, da samun izinin miji tun da wuri domin kada a tsaya jiransa idan naƙuda ta zo ba ya gida.

## Matsayin al'umma

Macen da ba ta haihu ba takan fuskanci gori daga dangin miji da kishiyoyi, wani lokaci a yi mata kishiya ko a sake ta tun ba a gwada mijin ba. Hausawa suna da al'adar riƙo, inda ɗan'uwa ke ba marar haihuwa ɗa ta rena. Littafin *Baba of Karo* na Mary Smith, wanda ya fito a shekarar 1954, ya ƙunshi tarihin wata Bahaushiya da ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su. Ma'aikatan lafiya suna jaddada cewa zuwan miji asibiti tare da matarsa tun a karon farko yana rage kashe kuɗi, yana gajarta lokacin gano matsala, yana kuma kare mace daga zargin da ba a tabbatar ba.

## Duba kuma

* Awon ciki
* Amosanin jini
* Yoyon fitsari
* Gubar dalma a Zamfara
* Tazarar haihuwa